Yadda Na Tsufar da Littafin Malamin Dabbobi

Shekara guda bayan an ba mu jiha na buɗe shagon hayar littattafai a bakin tasha a Gusau. In na ce shago kada wani ya zaci wani abin a zo a gani ne. Rumfar kwano ce mai kanta biyu da benci ɗaya da ake tokare ƙafarsa da bulo, sai igiya da na ɗaura daga wannan kusurwa zuwa waccan ina rataye sababbin littattafai kamar shanya. Maƙwabcina na dama mai faci ne, ta hagu wata dattijuwa ce mai tuyar ƙosai. Ilimina game da adabi a lokacin bai wuce abu biyu ba, wato akwai littafin da ke fita, akwai kuma wanda ba ya fita. Amma da yake ni ne mai benci, kuma inuwa a wajena take sauka in la'asar ta yi, sai na wayi gari rumfata ta zama majalisar marubutan jiha baki ɗaya, ba tare da an nemi shawarata ba.

A shekarun nan rubutu ya zama ruwan dare. Duk wanda budurwa ta juya wa baya sai ya sayi littafin rubutu mai kauri ya huce a kansa, ya ɗauka ya kai Kano a buga, ya dawo da hotonsa a bangon baya, ya tallafe haɓa da biro yana kallon nesa, wai tunani yake. Kafin ka kai ga labari sai ka ratsa shafi uku na godiya, tun daga malamin allo har mai wankin hula. A ƙarshe kuma ga jerin littattafai goma sha biyu da za su fito nan ba da jimawa ba, waɗanda ga shi na yi furfura har yau muna nan muna jiransu. Ban faɗi wannan don raini ba. Ni ma daga baya na shiga sahu, kuma hotona na farko da biron a haɓa aka ɗauke shi.

Marubutan sukan zo ne wai gaisuwa. Mutum zai tambaye ni gida da kasuwa da gajiya, bakinsa yana wajena, idonsa yana kan kanta. Marubuci ba ya buɗe baki ya tambaya ko ana karanta littafinsa, girman kai ba zai bari ba. Abin da yake yi shi ne ya miƙa hannu kamar bai damu ba, ya zaro nasa ya duba jikinsa. Littafin hayar da ake so kuwa ba ya ɓuya. Bangonsa ya yi laushi, gefen shafukan ya yi baƙi, ga tabon manja, ga na shayi, an lanƙwashe kunnen takarda a wuri ashirin, wani lokaci har wata mai tausayi ta ɗinke shi da allura da zare. A gefen rubutu kuma masu karatu sun yi ta sa baki da biro, wannan ta ce Allah ya isa, wancan ya ce maganinta ke nan. A majalisarmu dauɗa ita ce lambar yabo. Marubucin da ya tarar an yi wa littafinsa kaca-kaca zai ja tsaki ya ce mutanenmu ba su san darajar ilimi ba, alhali bakinsa ya ƙi rufuwa don daɗi.

Wanda ya fi kowa samun wannan lambar wani akawu ne daga Tsafe, mai tabarau da ba na magani ba. Tsakani da Allah littattafansa suna fita, har rububinsu ake yi, kuma bai taɓa bari mu manta ba. Yakan zo ranar Litinin da jaka a hammata, ya zauna a tsakiyar benci, ya sanar da mu cewa shi ba don suna yake rubutu ba, don gyaran al'umma ne. Al'ummar dai tana nan yadda ya same ta. Na taɓa tambayarsa littafin wa ya fi burge shi cikin na 'yan'uwansa marubuta, sai ya ce ai shi ba ya karanta na kowa, don kada salon wani ya gurɓata nasa. Sauran suka gyaɗa kai, domin su ma a kan wannan tsarkin suke. Wata rana kuma wani sabon shiga ya tambaye shi yadda mutum ke gane labari ya zo ƙarshe. Ya cire tabarau ya goge, ya yi shiru irin na manya, sannan ya ce labari ba ya ƙarewa, in takarda ta kusa ƙarewa sai ka sa jaruma ta faɗi sumammiya, ka ce a nemi kashi na gaba. Sabon shigan ya rubuta wannan a tafin hannunsa.

Hirar tasu kullum a da'ira ɗaya take yawo. Za a fara da ko littattafan soyayya suna ɓata tarbiyya, a yi ta kai ruwa rana, a tashi a kan cewa na wasu suna ɓatawa. Daga nan a faɗa kan kaset ɗin bidiyo da ya fara cika gari, wanda bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa shi ne ajalin karatu da kunya da al'ada, kowa kuma a ɓoye yana cigiyar wanda zai mayar da littafinsa fim. In aka gaji sai a koma kan Kanawa da yadda suka ƙwace harshe suka lanƙwasa shi yadda suke so. Akawun Tsafe yakan yi awa guda yana kare maganar Zamfara har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya koma gida ya sa jarumarsa 'yar Kucheri ta yi zance kamar a Fagge aka yanke mata cibiya. Ni nawa in kori ƙuda in ce haka ne.

Mutum ɗaya ne ba ya sa baki. Malamin dabbobi ne daga Bungudu, dattijo da ya ba hamsin baya, dogo, mai furfura a gemu, kullum rigarsa tana warin maganin kaska. Duk Litinin yake shigowa Gusau a kan tsohon babur ya karɓi magungunan shanu a ofishinsu, sai ya biyo ta wajena ya zauna a ƙarshen benci, wajen bulon. Littafi ɗaya tak ya rubuta, siriri, ba kashi na biyu, an yi masa bango da hoton fure domin shi aka samu a ajiye a maɗaba'a. Kwafi uku ya kawo mini. In ya zo yakan bari sai hira ta yi zafi hankalin kowa ya tafi, sannan ya miƙe ya zaro nasa, ya juya gaba, ya juya baya, ya mayar. Littafin fes, kamar yau aka fito da shi daga inji. In idonmu ya haɗu sai ya ce, "Tukuna?" in ce, "Tukuna, Malam." Wata huɗu muka yi a kan wannan kalma ɗaya.

Na yi ƙoƙari, ko da yake ba irin ƙoƙarin da ke sa gumi ba. In 'yan mata ko matan aure suka biyo daga islamiyya nakan tura musu shi. Sai su tambaya kashi nawa ne, in ce ɗaya, su juya bango su ga hoton dattijo da hula ya ƙame kamar na katin shaida, su ajiye. Wata ta ce mini mai yi wa shanu allura me ya sani game da soyayya. Ban iya kare shi ba, domin ni ma ban karanta ba. Na taɓa buɗe shafin farko, na tarar da ruwan sama da gero da kukan kwaɗi har ƙasan shafi ba a ga ko ƙeyar budurwa ba, na rufe.

Ana nan sai akawun Tsafe ya tashi ƙaddamar da kashi na uku na wani littafinsa, ya gayyace mu duka. Muka cika mota muka tafi Tsafe ana tsakiyar wahalar mai, muka zauna a kan bencin 'yan makaranta a wani ajin firamare tun hantsi har azahar muna jiran babban baƙo, wanda a ƙarshe ya aiko wakilin wakilinsa. Aka yi jawabai. Wani ya ce littafin madubi ne, wani ya ce fitila ne, kuma da ganin yadda suke laluben sunansa a jikin bango ka san ba wanda ya buɗe shi. Da marubucin ya miƙe sai ya zaro wani tsumman littafi daga jaka, kashi na ɗaya ne da ya ara a rumfata, ya ɗaga shi sama don jama'a su ga yadda aka cinye shi da karatu. Da ya tsaya nan da ba komai. Sai ya gyara tabarau ya ce a wannan rumfar dai akwai wasu littattafan da tun da aka kai su har yau suna nan da alwalarsu.

Aka yi dariya, kuma duk wanda ya san majalisarmu ya waiwaya ya dubi malamin dabbobi. Shi ma ya yi dariyar, har da gyaɗa kai, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. A hanyar dawowa kusa da ni ya zauna har muka wuce dutsen Kwatarkwashi. A nan ya sunkuyo ya ce mini Litinin mai zuwa zai zo ya kwashe littattafansa, kada su yi ta tare mini wuri.

Zan so in ce tausayi ne kawai ya sa na yi abin da na yi, amma rabinsa haushin mai tabarau ne. Washegari ina buɗe rumfa na zaro kwafi ɗaya na malamin na shiga aikin tsufar da shi. Na ɗauki takardar da dattijuwa ta naɗe mini ƙosai na goga a shafi biyar ko shida. Na ɗiga shayi a bango. Na ba mai faci ya riƙe mini shi da hannun da ya gama cire taya, ya dube ni kamar na taɓu, amma ya riƙe. Na lanƙwasa kunnuwan takarda, na naɗe littafin na cusa a aljihun wando, na wuni zaune a kansa. Rana ta uku na yage bangon da gangan na ɗinke da baƙin zare. Abin da masu karatu arba'in za su yi a shekara, ni kaɗai na gama shi kafin Juma'a. Kwafi na biyu na bar shi a kanta, na uku kuma na ɓoye a ƙarƙashin kwali don in ce yana hannun haya.

Saura sa baki a gefe. Na sayi biro uku, shuɗi da baƙi da ja. Wannan ba wuya a wajena, domin na ga irinsu ba iyaka har na haddace. In buɗe duk inda hannuna ya faɗa in rubuta Allah sarki, in buɗe wani wuri in rubuta haka duniya take, wani ma da hannun hagu don ya yi kama da rubutun wadda ta tsaya a aji huɗu. Ko kalma ɗaya ta littafin ban karanta ba, ina na ga lokaci, ina cikin hidimar adabi. Da na duba sai na ga yabo ya yi yawa, kuma duk wanda ya san masu karatunmu ya san ba sa gama littafi ba su ɗan zagi marubucin ba. Saboda haka, don aiki ya yi kyau, na buɗe wajen ƙarshe-ƙarshe, na ja dogon layi da jan biro a gefen wani sakin layi, na rubuta da manyan baƙaƙe: Haba malam, wannan ƙarya ce, wa zai yi haka? Na ja da baya na kalli aikina, na ce ashe ni ma ina da baiwa.

Ranar Litinin malamin dabbobi ya zo da ledar kwasar kayansa a hannu. Ya miƙa hannu kanta, ya zaro, ya tsaya. Ya juya littafin, ya shafa ɗinkin da babban yatsa, sannan ya koma ya zauna a hankali. Ya tambaye ni su wa. Ƙarya kuwa in ka fara ta ba ta barinka ka huta. Nan take na haifi wata malamar asibiti da ta kwana biyu da shi ta dawo da jan ido, da matan wani gida a Tudun Wada da suka yi ta miƙa wa juna, da wani direba ɗan Wonaka. Na ƙara da cewa ɗaya kwafin ma yana waje. Akawun Tsafe ya karɓa ya jujjuya, har da shinshinawa, ya mayar ya ce to ba laifi, da murya irin ta wanda aka taka wa yatsa. A ranar na fara jin malamin dabbobi ya sa baki a hira. Ana maganar bidiyo ya ce shi a ganinsa kada a yanke ƙauna, masu karatu suna nan, sai dai ba su da gaggawa. Da zai tafi ya roƙe ni aron littafinsa na mako guda, yana so ya ga abin da suka ce. Ledar ya ninke ta ya sa a aljihu.

Na yi mako guda ina jin kaina waliyyi. Abin da ya ƙara mini nishaɗi shi ne ranar Laraba akawun Tsafe ya leƙo, abin da bai saba ba, ya ari sabon kashi na ukun da bai fara fita sosai ba, wai zai duba wani kuskure. Ya dawo da shi ranar Asabar da tabon miya a wuri biyu.

Da malamin ya dawo bai zauna wajen bulo ba, tsaye ya yi a bakin rumfa har majalisa ta watse. Sannan ya matso ya ce, "Mai jan biron ga, namiji na ko macce?" Na ce hannu ya yi yawa, ba zan iya tunawa ba. Ya ce in yi ƙoƙari in tuna, yana son ganinsa. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ɗauka zafin suka ne irin na marubuta, har na tsokane shi na ce ashe wanzami ba ya son jarfa, yau an yi wa mai allura allura. Ya yi ɗan murmushi ya hau babur. Littafin bai dawo da shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Litinin ta gaba na lura ya faɗa, rigar ta yi masa yawa. Ya sake tambaya ko na tuna, na ce a'a. Sai ya nemi kwafin da ke kanta, ya zaro reza daga aljihu, ya buɗe wajen ƙarshe ya yanke falle ɗaya tun daga gindi, tsaf, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Ya ce in wanda ke hannun haya ya dawo kada in sake bayar da shi sai ya zo. Na ce Malam me ya yi zafi haka don mutum ɗaya ya yi surutu. Ya ce ba komai, wurin ne bai yi kyau ba, labarin zai tafi ko babu shi.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yana ba da baya na ɗaga kwali na zaro kwafin da na ɓoye, na gwada shi da wanda aka yanka har na gano fallen, na karanta a tsaye.

A wurin jarumin labarin ya riga ya yi aure, yana aiki a wani ƙauye bayan dutsen Kwatarkwashi, kuma 'yarsa mai shekara shida ta kwana uku da zazzaɓi a tsakiyar damina. Ya goya ta da zanen uwarta, ya hau babur ya nufi asibiti a Gusau. Tana riƙe da wuyan rigarsa ta baya, yana yi mata hira don kada ta yi barci. Sun fara hango gari ke nan sai ya ji hannun ya saki, kanta ya yi nauyi a tsakanin kafaɗunsa. Ya san abin da ya faru, domin mutum ne da ya saba ganin rai yana fita. Amma bai tsaya ba. Ya ci gaba da tuƙi yana gaya mata irin 'yan kunnen da zai saya mata in sun fito. Ya isa asibiti, ya bi layi da ita a bayansa, ya yanki kati aka rubuta sunanta da shekarunta, ya nemi wuri ya zauna yana jira a kira su. Na gane shafin da zubin sakin layin: daidai nan, daga sakin hannun zuwa zaman jiran, na ja jan layina a wancan kwafin.

Na ja ƙofar rumfa da rana tsaka, na zauna a ciki na karanta littafin daga farko har ƙarshe. Ba zan yi masa ƙarya ta biyu ba, littafin ba wani na gwaninta ba ne. Saurayin yana yi wa budurwa zance kamar mai bayanin yadda ake ba tunkiya maganin tsutsa, kuma akwai shafi huɗu a kan ciwon huhun shanu da ba abin da ya haɗa su da kowa a labarin. Amma fallen nan ɗaya ban taɓa ganin irinsa a kantata ba, kuma ba sai an gaya mini ba, mutum ba ya zama ya ƙirƙiro bin layin yankar kati. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona a cikin rumfar da ba kowa sai ni.

Ban iya jiran Litinin ba. Ranar kasuwar Bungudu na shiga mota na tafi, na same shi a kara, inda ake cinikin shanu, an kayar da wani bijimi yana yi masa allura. Da ya gan ni bai yi mamaki ba, ya ɗauka na tuno mai biron ne. Ya wanke hannu da butarsa, ya ja ni gindin wata darbejiya muka zauna. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu.

Na ce, "Malam, jan biron ga nawa na. Da shuɗin da baƙin, da man ƙosai da ɗunkin, duk ni niy yi."

Ya tambayi malamar asibiti, na ce babu ta. Ya tambayi matan Tudun Wada, ya tambayi direba, ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran suna a aji, ina cewa babu. Na jira ya zage ni, da hakan ya fi mini sauƙi.

"Sa'ad da kar rubuta," ya ce, "ka karanta wurin?"

"Ban karanta ba. Buɗewa kawai niy yi."

"Ko layi guda?"

"Ko layi guda, Malam."

Sai ya sauke numfashi, ya jingina da itacen ya rufe ido, ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa. Duk marubutan da na zauna da su, kafin wannan rana da bayanta, shi kaɗai na gani ya gode wa Allah don ba a karanta shi ba.

Ya ce mako biyu ke nan abinci ba ya wuce masa. Yarinyar da ke cikin fallen tasa ce, ta fari, shekara goma sha tara da rasuwarta. Ko uwarta bai taɓa gaya wa cewa tun a hanya ya sani ba, abin da ta sani shi ne a asibiti rai ya yi halinsa, kuma ita ba ta karatun boko. Ya ce abin ya daɗe zaune masa a ƙirji, ba wanda zai iya faɗa wa a Bungudu. Da ya ga yara suna ta buga littattafai sai ya yi tunanin ya gina labarin soyayya ya sa abin a ciki, ko wani da bai san shi ba zai karanta ya ji, shi ke nan, ba wani abu yake nema ba. Duk sauran shafukan, in ji shi, don su riƙe wannan fallen ya rubuta su. Da ya ga jan biro sai ya ce to ga shi an ji, kuma an ce ba mai yin haka. Har ya fara tunanin ko gaskiyar mai biron ce, ko abin da ya yi a ranar ba na mai hankali ba ne.

Sai ya yi 'yar dariya ya ce ashe dai har yau ba wanda ya karanta. Na ce na karanta, duka, ranar Litinin bayan tafiyarsa. Na fara haɗo kalmomin yabo, ya ɗaga mini hannu ya tsayar da ni.

"Tunda ka karanta," ya ce, "bari in tambaye ka abin da nis so in tambayi mai biron. Da kai na bisa babur ɗin, kaj ji hannun ya saki, tsayawa za ka yi?"

Ni da nake da amsar kowane marubuci a bakina, na duba ƙasa, na duba kasuwa. Na so in ce masa kowa ma haka zai yi, amma na riga na ƙarar da rabona na ƙarya a kansa.

Na ce, "Ban sani ba, Malam."

Ya gyaɗa kai. "Ni ma hakanan. Ni dai na san in nit tsaya, kwance ta za ni yi dag ga bayana."

Wani Bafulatani ya kira shi daga kara, an kayar da wata saniya. Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce in gai da mutanen benci, ya tafi. Na zauna ina kallonsa ya durƙusa yana zuƙo magani a sirinji, hannunsa ko motsi ba ya yi.